Ranar da Teku Ta Shiga Gonakin Kalituri

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ma'aikacin gwamnati irinku, a wata gunduma da ke wannan gaɓa tamu ta arewacin tsibirin Jawa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da ke kansa ya ishe shi. Irin kakin da ke jikinku yau shi ya sa, har furfura ta fito masa a cikinsa. Don haka ku na sahun baya masu latse-latsen waya, a mayar da ita aljihu. Labarin gidanku zan ba ku.

A ofishin kula da ruwa yake aiki. Ƙofofin ruwa ne a hannunsa, babbarsu kuwa ita ce ta ƙauyen Kalituri, a bakin kogi, daidai inda ruwan daɗi yake gamuwa da teku. Kun san irinta: kyauren ƙarfe mai nauyi, rataye a jikin doguwar sandar ƙarfe mai zare, da babban sitiyari a sama da ake murzawa. Yawancin shekara a ɗage take, kogi ya wuce, kwale-kwalen masunta su wuce. Idan lokacin babbar cikowar teku ya zo, sai a sauke ta ta tare ruwan gishiri. Bayanta gonakin shinkafa ne iya ganinka, da rijiyoyin mutane. In ta ƙi sauka gishiri ya shiga, gonar da gishiri ya shiga kuwa ba a damina ɗaya take farfaɗowa ba.

Mutumin nan ya iya aikinsa, gaskiya ce a faɗe ta. Da kunne yake gane ciwon ƙarfe. Kafin kowace cikowa zai hau babur ɗinsa ya je, ya kankare tsatsa da 'yan ƙwansunan teku masu manne wa ƙarfe, ya cika zaren da giris, ya sauke ƙofar ya ɗage, ya sake saukewa. Manoman Kalituri ba sa sa dashe a ƙasa sai sun ji daga bakinsa cewa ƙofa lafiya take.

Ana nan sai shugaban sashensu ya yi ritaya. Daga masinja har direba kowa ya san wanda ya cancanci kujerar. Mutumin nan ne ma aka ba riƙon ƙwarya. Matarsa, Bu Warsiti, ta riga ta gayyaci maƙwabta walimar godiya. Ranar rantsarwa tun da asuba ta tashi ta dafa shinkafa mai kurkum, ta tula ta tsororo a kan faranti, ta kewaye da ƙwai da soyayyar kaza, aka shimfiɗa tabarmi.

To amma an yi zaɓe a shekarar, an samu sabon Bupati, shugaban gunduma. Kun san abin da ke biyo bayan zaɓe, ba sai na faɗa ba. Da aka zo karanta sunaye, sai aka ji na wani yaro, Danang, ɗan 'yar uwar matar Bupatin, wanda ya yi ta yawo da tutoci lokacin kamfe. Yaron da bai taɓa riƙe sifana ba aka ɗora a kan ƙofofin ruwan gunduma guda.

Mutumin nan ya koma gida ya tarar da baƙi a zaune. Matar ta tare shi a bayan ƙofa ta dubi fuskarsa, ta gane.

"Pak, mutane fa sun zauna. Me zan ce musu?"

"Ki ce su ci. Shinkafa ba ta yi laifi ba."

Aka ci, ba mai ɗaga kai ya dubi wani.

An zalunce shi? Wallahi an zalunce shi. Ba zan tsaya a kan mumbarin nan in shafa wa zalunci hoda ba. Duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a ya ɗauki kujera ya ba ɗan ɗakinsa, alhali ya san ga wanda ya fi cancanta, ya ci amanar Allah, ya ci amanar mutane. Ku manya da ke sahun gaba, da ku nake. Kuna tsammani kujera kawai kuka raba? Wuta kuka kunna a zuciyar bawan Allah, kuka tafi kuka bar ta tana ci.

Amma ku saurari abin da shi kuma ya yi da tasa wutar.

Bai kai ƙara ba, ko da yake akwai inda ake kaiwa. Bai nemi a sauya masa wurin aiki ba. Bai ko ɗaure fuska ba. Mu mutanen nan ai ba ma cewa a'a. Tun muna yara aka koya mana mu sunkuyar da kai, mu yi murmushi, mu ce "to". Washegari ya zo ya yi wa yaron barka, hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Jiya yana kiransa Mas Danang, kamar kowane saurayi, yau ya koma kiransa Pak Danang, yadda ake kiran manya. Na ciki kuwa na ciki.

Daga ranar ya ajiye aiki bai ajiye kaki ba. Da safe zai zo ya dangwala yatsa a na'ura, ya tsaya a layin safe a gan shi, sannan ya zare jiki sai rumfar mai kofi. Daga can sai gida, wurin kurciyoyinsa. Ya yi musu wanka, ya sauya musu gero, ya ja kejin zuwa saman dogon gora ya zauna yana sauraren kuka. Da yamma ya koma ya sake dangwalawa. Ku daina kallon ƙasa, na san wasunku sun san hanyar rumfar nan.

Wata rana abokin aikinsa Suroto ya tsokane shi a gaban jama'a. "Pak, yau wace ƙofa za a duba, ta ruwa ko ta keji?"

Ya kurɓi kofi ya ce, "Suroto, mai wayo da wawa albashinsu ɗaya. Wanda aka ba kujera ai shi ya san ruwa. Mu 'yan rakiya ne."

Aka kwashe da dariya. Ƙananan ma'aikata suka ji, suka riƙe. In gwanin ofis ya naɗe hannu, wa zai kashe kansa? Kafin wani lokaci rabin ofis ya koma rumfa. Haka cutar take, ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya.

Shi kuwa Danang, ban ce mugu ba ne. Jahilin aiki ne da aka ɗora a inda bai kai ba, shi ma ya san haka. Ya taɓa samun mutumin nan a keɓe ya ce, "Pak, ni ɗanka ne. Ban san komai a kan ƙofofin nan ba. Don Allah ka riƙe hannuna."

Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Haba, Pak Danang, wane ni? Ai sai dai mu koya a wurinku."

Ka ji zuma a baki. Yaron ya fita yana jin kamar an mare shi, bai kuma iya cewa ga abin da aka yi masa ba.

Da lokacin cikowa ya matso, Danang ya kira shi. "Pak, ƙofar Kalituri fa? An yi mata giris?"

"To, Pak. Kwantar da hankalinka, ta gama."

A nan ne al'adarmu ta zame mana tarko. Danang yana da mota, yana da direba, Kalituri ba nisa. Me ya hana shi zuwa ya gani da idonsa? Kunya. Yaya za a yi dattijo sa'an mahaifinsa ya ce ta gama, shi kuma ya tashi ya je dubawa? Ai ya kira shi maƙaryaci ke nan. Ya yi zamansa a ofis, ya ce wannan ladabi ne. Mutumin nan kuwa ya san yaron ba zai je ba, a kan wannan kunyar ma ya gina shirinsa. Ya 'yan uwa, kunyar da ke hana ka duba amanar da aka ɗora maka ba kunya ba ce, ragwanta ce ta sa rigar ladabi.

Akwai wani tsoho a Kalituri, Mbah Kasmuri, wato Kaka Kasmuri, shi ne shugaban manoma. Tun lokacin dashe ya yi tattaki har gidan mutumin nan, ya same shi a ƙarƙashin keji. Ya gaisa, ya yabi kukan kurciyar, aka kawo shayi, aka yi zancen jikoki. Sai can ya kewayo ya ce, "Pak, ni idona ya tsufa, wataƙila shi ne. Amma na ga kamar sandar ƙofa ta yi ja. Ga iri ya isa dashe. Mu dasa?"

"Ku dasa, Mbah. Ina raye me zai sami ƙofar?"

Tsoho ya yi godiya ya koma. Bai wuce ofis ya faɗa wa shugaba ba, domin tsallake mutumin da ya yi muku hidima shekara da shekaru rashin kunya ne a wurinsa. Suka dasa, shi da ɗansa Tarmuji da duk ƙauyen.

Me mutumin nan yake nufi? Kada ku ɗauka ya yi niyyar kashe gari. Shaiɗan ba ya zuwa ya ce maka hallaka mutane. Cewa yake, ɗan nuna musu. Lissafinsa shi ne ƙofar za ta cije a rabi, ruwa ya ɗan taɓa gonakin bakin kogi, 'yan jarida su zo, yaron ya tsaya yana inda-inda a gaban kyamara. Sannan a nemo shi, ya zo da gwangwanin giris, kafin a sha kofi ɗaya ya sauke ta. A ranar kowa zai san wanda ya iya, Bupati ya ji kunya.

To gonakin bakin kogin nan da ya yanke wa hukunci, na wa ne? Na Bupati ne? Na Danang ne? Wanne daga cikin manoman nan ya karanta sunaye ranar rantsarwa? Haushin kaza aka tashi hucewa a kan dami.

Cikowar ta zo da rana tsaka, ranar Lahadi, da iska mai ƙarfi a bayanta. Shinkafa ta yi ciki, gonaki sun yi kore shar. Samarin Kalituri suka hau kan ƙofa suka kama sitiyari. Ya ɗan juya, ya yi ƙara, ya tsaya cak. Kyaure yana rataye a sama, ruwan teku yana wucewa ta ƙarƙashinsa.

Aka kira Danang, Danang ya kira mutumin nan. Yana ina? Yana filin gasar kukan kurciyoyi, kansa a ɗage, yana jiran alƙalai su zo ƙarƙashin kejinsa. Ya ji wayar tana rawa a aljihu, ya duba, ya ga suna, ya mayar. Ya ce a ransa, bari ya ɗan dahu. Ta sake, ya ƙyale. Sai da ya ga dama ya ɗauka.

"Pak, don girman Allah! Ƙofa ta ƙi sauka, ruwa yana shiga!"

"Subhanallahi. To, Pak, ga ni nan tafe."

Ya biya gida ya ajiye keji tukuna, ya ɗauki kayan aiki, ya kama hanya ba gaggawa.

Abin da bai sa a lissafinsa ba shi ne mutumin da yake kallon abincin 'ya'yansa yana nutsewa ba ya zama jira. Tarmuji da samarin suka samo dogon bututun ƙarfe suka zura a sitiyarin, suka taru a kansa, suka danna da kabbara. Tsatsa ta riga ta ci sandar har ciki. Ta yi ƙara ɗaya ta karye. Kyauren ya karkace ya maƙale a mazauninsa, ba sama ba ƙasa.

Da mutumin nan ya iso ya hau ya duba, sai gwangwanin ya faɗi daga hannunsa. Ya fi kowa sanin abin da yake gani. Wannan ba aikin giris ba ne, sai an ƙera sabuwar sanda a birni, an zo da injin ɗaga kaya. Mbah Kasmuri yana tsaye a kan gaɓa, ruwa har gwiwa. Kallonsa kawai ya yi.

Teku kuwa ba ta jiran takardar ofis. Ta janye ta dawo, ta janye ta dawo, duk tsawon kwanakin cikar wata. Aka jera buhunan yashi, ta kwashe. Kafin a kawo sandar, gishiri ya kai ƙarshen gonaki. Shinkafar ta yi rawaya, ta yi ja, ta kwanta. Da ruwa ya tafi sai ƙasa ta tsage, farin gishiri ya fito a samanta. Rijiyoyi ma suka juya ruwan gishiri.

Aka kafa kwamitin bincike. Suka buɗe sito suka tarar da gwangwanayen giris a jere, ko murfinsu ba a ɓalle ba. Suroto da 'yan rumfa, waɗanda suka fi kowa dariya, su suka fara ba da shaida. Aka kori mutumin nan korar wulaƙanci, ba fansho, ga shi saura ƙiris ya yi ritaya.

Danang fa? An ɗauke shi an mayar ofishin yawon buɗe ido, ɗaki mai sanyi, mota sabuwa. Shafaffe da mai ai ba ya jiƙewa. Bupati ya zo Kalituri da 'yan jarida ya raba taliyar leda, aka ɗauki hoto, ya tafi. Kun gani? Wanda aka yi don shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ina jin zafin wannan har yau, kuma na san akwai ranar da ba ɗan 'yar uwar kowa.

Masana suka ce ƙasar za ta wanku, amma sai damina ta bi ta kanta sau da yawa. Wane manomi ne zai ce wa cikin 'ya'yansa ya jira damina da yawa? Wasu suka sayar da gonakin a wulaƙance ga masu tafkunan jatan lande. Mata suka tafi aikatau birni. Samari suka bi manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje, irin waɗanda ke shekara ba su ga tudu ba. Tarmuji yana cikinsu, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Can a tsakiyar teku ciwo ya kama shi, ba likita, ba magani. Ya rasu, aka naɗe shi aka sa a ruwa. Jakar kayansa kaɗai ta dawo Kalituri.

Mutumin nan ya ji labari. Ya sayar da kurciyoyin, ya daina fita sai masallaci. Da ƙaramar Sallah ta zo, lokacin da muke bin gida-gida muna neman gafarar juna, ya sa farar riga ya kama hanyar Kalituri. Ya yi sallama a gida na farko, kwaɗo. Na biyu, kwaɗo, ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Wasu da suka dawo Sallah suka miƙa masa hannu ba tare da sun dube shi ba. Har ya isa gidan Mbah Kasmuri.

Tsohon ya karɓe shi, ya shimfiɗa masa tabarma. Matar Tarmuji ta kawo shayi ta ajiye ta koma ciki. Mutumin ya kurɓa, sai ya ji gishiri har maƙogwaro. Ya yi niyyar ajiyewa.

"Sha mana, Pak," in ji tsohon. "Shi muke sha."

Ya shanye. Sannan ya durƙusa ya kama hannun tsohon ya ɗora goshinsa a kai yana kuka. "Mbah, da sani na yi. Da gangan na bar ƙofar. Na ce maka ku dasa, alhali na san halin da take ciki. Ka yafe mini don Allah."

Tsohon ya dube shi. Can ya ce, "Ai na sani, tun ranar da na ga fuskarka a kan ƙofar. Gonata na yafe. Ƙaryar da ka yi mini a gidanka, ina shan shayinka, ita ma na yafe, na kusa kabari, ba na son kaya. Amma na Tarmuji ba nawa ba ne da zan yafe. Ka je ka nema a wurinsa."

"Mbah, ina zan same shi?"

Tsohon ya ɗaga hannu ya nuna arewa, inda teku take.

Bayan Sallah mutumin nan ya zo wurina, ya zauna a nan, kusa da ginshiƙin can. Ya ce, "Kiai," wato Malam, "yaya ake neman gafarar wanda ko kabari ba shi da shi?" Na ce masa ƙofar tuba a buɗe take, ya yi masa addu'a, ya yi sadaka a madadinsa, ya ɗauki nauyin marayunsa iyakar ƙarfinsa. Ya ce, "In na yi haka na kuɓuta?" Na ce wannan ba ni da shi a hannuna. Abin da ke tsakaninka da Allah, Allah mai gafara ne. Haƙƙin bawa kuwa yana nan yana jiran mai shi. Ya tashi ya fita yana dafa bango.

Ya 'yan uwa, na san a cikinku akwai wanda aka tsallake. Akwai wanda ya koya wa yaro aiki, yau yaron ne yake sa masa hannu a takardar hutu. Na san zafin, ban ce ku ce ba zafi ba. Kai ƙara. Buɗe baki ka faɗa, ko da murya na rawa. In ba za ka iya zama ba, nemi canji, ko ka ajiye musu kakinsu ka tafi da mutuncinka. Amma muddin kana dangwala yatsan nan kana karɓar albashi, aikin amana ne a wuyanka. Ba Bupati kake yi wa ba. Kai na asibiti, wanda ke kwance a gadon can bai tsallake ka ba. Kai malamin makaranta, yaran nan ba su suka hana ka ƙarin girma ba. Kai mai zama a kan takardun mutane, tsohuwar da ta yini a benci tana jiranka ba ta san ma sunan shugabanka ba. Zaluncin da aka yi maka bai halatta maka jinin kowa ba.

Ku daina ce wa mutum "to" alhali zuciyarku ta ce a'a. Wannan ba ladabi ba ne, ƙarya ce. Ku kuma da aka ɗora a sama, ku tashi ku je ku gani da idonku, ko da wanda ya ba ku rahoto ya haife ku. Ku masu raba kujeru, kada ku ɗauka kun tsira don kwamiti bai ambaci sunanku ba. Ranar da Tarmuji zai tashi daga ƙasan teku yana neman haƙƙinsa, ba mutum ɗaya zai riƙe ba.

Ya Allah, kada ka bar mu mu zalunci kowa, kada ka bar zaluncin da aka yi mana ya mayar da mu azzalumai. Ka ba shugabanninmu tsoronka a lokacin da suke rabo. Ka jiƙan Tarmuji, ka raya marayunsa, ka mayar wa Kalituri da ruwan daɗi. Shi kuma bawanka da na ɓoye sunansa, ka dube shi da rahama, ka sassauta masa ranar haɗuwa. Allah ya tsare mu da cin amanar da ke hannunmu, ya kiyaye mu da haƙƙin wanda ba za mu sake gani ba sai a gabansa. Amin.